OK Computer ko Kid A: Da Wanne Za Ka Fara Sauraron Radiohead?

Ƙanina ne ya tayar da maganar. Ya ji wata waƙa a ƙarshen wani bidiyo, ya bi sawunta har ya gano ta Radiohead ce, sai ya turo mini saƙo da daddare: "Yaya, mutanen nan albam tara gare su. Kowa OK Computer yake ambata, wasu kuma sun dage Kid A ya fi. Da wanne zan fara?" Na ɗauki waya zan ba shi amsa a layi ɗaya, na kasa. Na daɗe ina sauraron faya-fayan nan biyu, kuma na ga mutanen da suka shiga ta ƙofar da ba tasu ba, abin bai kwanta musu ba, suka tafi ba su ƙara waiwayowa ba. Hakan yana ba ni takaici, domin abin da suka bari a baya ba ƙarami ba ne. Shi ya sa na zauna na rubuta masa doguwar amsa, ita ce na faɗaɗa a nan.

Ga wanda bai san su ba, Radiohead mutum biyar ne da suka haɗu a makaranta a Abingdon, wani ƙaramin gari kusa da Oxford a Ingila, a 1985. Har yau su biyar ɗin ne. Thom Yorke ke rera waƙa, Jonny Greenwood da Ed O'Brien na kan jita, Colin Greenwood, wan Jonny, na kan jitar bes, Philip Selway kuma na kan ganguna. Kiɗansu shi ake kira altanatif rok, wato rok ɗin da ya kauce wa hanyar da gidajen rediyo suka saba bi. OK Computer shi ne albam ɗinsu na uku, ya fito a 1997. Kid A ne na huɗu, ya fito ran 2 ga Oktoba, 2000. Furodusansu ɗaya, Nigel Godrich, mai zanen bangonsu ɗaya, Stanley Donwood, kuma kowane faifai a cikin biyun ya ci kyautar Grammy a rukuninsa. Tsawonsu ma kusan ɗaya ne: na farko waƙa 12 cikin minti 53, na biyu waƙa 10 cikin kusan minti 50. Amma in aka kunna maka su a jere ba a gaya maka komai ba, da ƙyar za ka yarda cewa hannu ɗaya ne ya yi su.

OK Computer faifan jita ne, kuma faifan waƙoƙi ne a yadda kowa ya san waƙa: akwai baiti, akwai kari da za ka iya bi da baki, akwai inda murya take hawa ta kai ƙololuwa ta sauko. Kaso mai yawa nasa an ɗauke shi ne a St Catherine's Court, wani katafaren tsohon gida kusa da garin Bath, wanda a lokacin mallakar 'yar fim Jane Seymour ne. Ba situdiyo ba ne. Kayan aikinsu suka kwasa suka baza a ɗakuna, suna neman inda sauti ya fi daɗi, don haka in ka kasa kunne za ka ji faɗin ɗaki da tsayin rufi a cikin kiɗan.

Waƙar farko, "Airbag", tana buɗewa da jita mai kaushi tare da babban gogen Turawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Gangunan Selway ne ya buga, amma sun yanki ɗan gajeren sashe suka gyara shi a kwamfuta suna maimaitawa, dabarar da suka koya daga DJ Shadow. Jitar bes kuwa ba ta tsayawa, ta shigo ta ɓace, ta sake shigowa inda ba ka zata ba. Maganar waƙar ta samo asali ne daga haɗarin mota da Yorke ya yi a 1987: mutum ya fito daga mota da ransa, yana jin kamar yau aka haife shi. Daga nan sai "Paranoid Android", wadda ta haura minti 6, an ɗinke ta da sassa huɗu da ba su yi kama da juna ba. Tana farawa a hankali da jitar katako, ta rikiɗe ta zama tsawa, sai kwatsam komai ya lafa muryoyi su taru kamar masu addu'a, sannan tsawar ta dawo ta rufe. Ba ta da amshi irin wanda rediyo ke so, amma ita suka fara saki, kuma ta kai lamba 3 a jadawalin Birtaniya. Wannan waƙar kaɗai ta isa ta nuna maka ko kana da haƙurin mutanen nan.

Inda faifan ya fi kama ni shi ne tsakiyarsa. "Exit Music (For a Film)" an rubuta ta ne domin ƙarshen fim ɗin Romeo + Juliet na Baz Luhrmann, na 1996. Jita ɗaya da murya ɗaya, muryar ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa don kada a farka a gida. An ɗauki muryar a kan matakalar dutse, shi ya sa take da wannan amo mai sanyi. Can sai wasu muryoyi na na'ura su taso a baya, ganguna su faɗo, jitar bes ta shigo da gurnani, mai raɗa ya koma mai kururuwa. Ba a gama sauke numfashi ba sai "Let Down" ta biyo, wadda aka ɗauka a babban zauren gidan da ƙarfe 3 na dare. Jitar Jonny tana ƙirga biyar yayin da sauran ke ƙirga huɗu, don haka sautukan suna haɗuwa suna rabuwa kamar ɗigon ruwa daga indararo biyu. A ƙarshenta muryar Yorke ta kasu, ɗaya a kunnen dama ɗaya a na hagu, kowacce da hanyarta, har su gamu a sama. Na saurari wannan wurin sau ba adadi, kuma har yau tsigar jikina tana tashi. "Karma Police" ta fiyano ce, mai sauƙin kamawa, ita ce wadda yawancin mutane ke fara riƙewa, kuma tana ƙarewa da jitar O'Brien tana narkewa ta zama ƙara zalla.

Ba duka ne zinariya ba. "Fitter Happier" ba waƙa ba ce, muryar kwamfutar Macintosh ce ke karanto jerin shawarwarin zaman duniya irin na talla, ƙasa da minti 2, da ɗan fiyano a ƙarƙashi. Tana da aiki a tsarin faifan, amma ba za ka neme ta ita kaɗai ba. "Electioneering", kan 'yan siyasa da alkawuran yaƙin neman zaɓe, hayaniyarta ta fi ma'anarta a kunnena, ita ce mafi rauni a nan. Daga ita faifan ya sake miƙewa. "Climbing Up the Walls" tana da ban tsoro na gaske, Jonny ya sa masu goge 16 su kaɗa sautuka masu kusanci ƙwarai da juna, ta yadda ba sa jituwa, dabarar da ya ɗauko daga mawallafin kiɗa ɗan Poland, Krzysztof Penderecki. "No Surprises" kuma taushinta kamar waƙar reno, da ɗan kiɗan ƙarfe mai ƙara kamar ƙararrawar wasan yara, alhali maganar cikinta ta mutumin da aiki da zaman gida suka cinye wa rai ce. "Lucky" ta girmi sauran, tun 1995 aka ɗauke ta domin faifan tallafi na ƙungiyar War Child. "The Tourist", wadda Jonny ya tsara, ta rufe faifan a natse, tana roƙon mai gudu ya rage sauri, sai ƙarar 'yar ƙararrawa guda ɗaya, shi ke nan.

Ka tuna lokacin da wannan ya fito. Tony Blair ya ci zaɓe a watan Mayun 1997, Birtaniya tana cikin murna, ƙungiyoyin mawaƙa irin su Oasis da Blur sun cika gari da waƙoƙin alfahari da ƙasa. Sai ga mutum biyar sun zo da faifai kan cunkoson hanya, filin jirgi, talla, na'ura, da kaɗaicin mutum a tsakiyar jama'a, tun kafin wayar hannu ta shiga aljihun kowa. Kamfanin da ke sayar da su a Amurka, Capitol, da ya ji shi sai ya rage hasashen cinikinsa. Faifan ya hau lamba 1 a Birtaniya, a Amurka ya shigo a lamba 21, daga baya kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin faya-fayan da ake adanawa saboda muhimmancinsu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya haifi Kid A, kuma wanda bai san shi ba zai ɗauka ƙeta ce kawai ta sa suka sauya. Sun yi fiye da shekara suna zagaya duniya da OK Computer, har da babban wasan Glastonbury na 1997. Akwai fim ɗin da Grant Gee ya ɗauka na wannan tafiya, Meeting People Is Easy, inda ake ganin gajiya tana cin su a fili. Bayan wani wasa a Birmingham, Yorke ya sauko daga dandali ya zauna ya kasa magana. Da ya koma gida ya kasa rubuta waƙa, jita ta fita daga ransa, muryarsa ma ta gundure shi, ga sababbin ƙungiyoyi sun taso suna kwaikwayonsa. Sai ya koma sauraron kiɗan na'ura na kamfanin Warp, irin su Aphex Twin da Autechre, inda babu mawaƙi a gaba. Suka fara aiki a Paris a farkon 1999, suka wuce Kofenhagen, suka dawo Gloucestershire, suka ƙare a situdiyonsu na Oxford a 2000. Masu jita uku a ƙungiya, aka wayi gari wasu waƙoƙin babu inda za a sa jita. Ba ƙaramin rikici wannan ya jawo a tsakaninsu ba kafin kowa ya yarda cewa ba dole ne ya kaɗa wani abu a kowace waƙa ba.

Daƙiƙa biyar na farkon Kid A sun isa su gaya maka an sauya gida. "Everything in Its Right Place" tana buɗewa da na'urar haɗa sauti ta Prophet-5, sauti mai ɗumi da kauri yana gangarowa. Babu jita, babu ganguna na sosai, sai bugu ƙasa-ƙasa kamar na zuciya. In ka ƙirga, goma za ka samu kafin kiɗan ya zagayo, shi ya sa yake kamar yana tafiya yana ɗan jan ƙafa. Muryar Yorke an yayyanka ta an watsa a kewaye da shi, tana magana kafin ya buɗe baki, tana ci gaba bayan ya rufe. Waƙar kan wancan halin da ya shiga ne bayan Birmingham, kuma ba sai ka ji Turanci ba kafin ka gane cewa mutum ne da kansa ya cika da muryoyi. Waƙa ta biyu, mai sunan faifan, ta fi wannan nisa: an tura muryar ta cikin na'ura har ba a gane kalmomin, ga ɗan kiɗa kamar na akwatin wasan jarirai. A nan ne mutane da yawa suke kashewa. Ina roƙon ka, in ka zo nan, ka daure.

Domin abin da ke gaba shi ne "The National Anthem". Jitar bes ce ke riƙe da ita, 'yan sautuka kaɗan da Yorke ya ƙirƙira tun yana saurayi, shi ya kaɗa da kansa, kuma ba ta sauyawa daga farko har ƙarshe. A kanta ake ɗora komai. Ganguna su zauna daram, wani kuka mai kama da iska ya riƙa shawagi a sama, sannan masu busa su takwas su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa da inda ya nufa. An ce musu su busa kamar cunkoson motoci, kuma haka suka yi, sai dai cunkoso ne da aka tsara bisa tafarkin Charles Mingus, gwanin jaz na Amurka. Wancan kukan iska kuwa na ondes Martenot ne, wani abin kiɗa na lantarki da Bafaranshe Maurice Martenot ya ƙera a 1928, ana kaɗa shi da zobe a yatsa ana ja a kan waya, sautin yana zamewa babu matakala. Jonny ya koyi kaɗa shi, kuma shi ne ruhin wannan faifan.

Daga wannan ruɗani sai a faɗa cikin "How to Disappear Completely", wadda a wurina babu kamarta a duk abin da suka yi. Asalinta shawara ce da Michael Stipe na ƙungiyar R.E.M. ya ba Yorke lokacin da tafiye-tafiye suka fi ƙarfinsa: ya rufe taga, ya riƙa gaya wa kansa cewa ba ya wurin. Jitar katako ce a hankali, bes yana taku a ƙasa, sai masu goge na Orchestra of St John's, waɗanda aka ɗauka a Dorchester Abbey, wata tsohuwar majami'a kusa da Oxford. Tun daga farko akwai sauti ɗaya siriri da ya maƙale a sama, bai jitu da sauran ba, kamar ƙaiƙayi a ido. Kusa da ƙarshe gogunan duka su zame daga hanya, komai ya karkace kamar ƙasa tana juyawa da kai, sai murya ta fito ta cikin hazon, su kuma su dawo su daidaita a bayanta. Wannan daidaituwar, in ka saurara da kyau, za ka ji kamar an sauke maka kaya daga ka. Yorke da kansa ya taɓa cewa ita ce mafi kyawun abin da suka yi.

"Treefingers" babu murya babu bugu, jitar O'Brien ce aka ja aka miƙar har ta zama kamar hazo. Wurin hutawa ce. "Optimistic" ita ce mafi kusa da tsohon salonsu, da jita da ganguna masu nauyi, tana zubawa cikin "In Limbo", wadda ni har yanzu ita ce ba ta zauna mini sosai ba, tana yawo ba ta sauka. Sai "Idioteque". Jonny ya yi kusan minti 50 yana wasa da na'ura ya miƙa wa Yorke, shi kuma ya tsinci ɗan sashe da bai kai minti ɗaya ba ya gina waƙar a kai. Sautuka huɗun da ke zagayawa a cikinta an aro su ne daga wani aikin Paul Lansky, wanda ya haɗa a kan babbar kwamfuta a jami'ar Princeton a 1973. Bugun yana da tauri da sanyi, ana iya rawa da shi, amma muryar ta mai firgici ce, tana maganar bala'i da sauyin yanayi da wa za a fara ceta. Ba ta tsayawa, tana shigewa kai tsaye cikin "Morning Bell" mai ƙirgen biyar. "Motion Picture Soundtrack" ta rufe da tsohon ogan na iska da garayar Turawa mai tsirkiya da yawa, sai shiru, sai wani ɗan guntun sauti ya haskaka ya ɓace.

Ba su saki waƙa ko ɗaya ita kaɗai daga Kid A ba, ba su yi bidiyon waƙa ba, sai 'yan gajerun zane masu motsi na daƙiƙoƙi. Makonni kafin fitowarsa ya ɓulla a Napster, wata manhajar musayar waƙoƙi ta intanet, mutane suka kwasa kyauta, duk da haka ya shigo a lamba 1 a Birtaniya da Amurka, karo na farko da suka hau saman jadawalin Amurka. Masu sharhi suka rabu, wasu suka ce gudun nauyi ne da nuna isa. Da shekarun 2000 suka ƙare, mujallar Rolling Stone da shafin sharhin kiɗa na Pitchfork da jaridar The Times duk shi suka zaɓa a matsayin faifan da ya fi a wannan shekaru goma. A jerin faya-fayai 500 na Rolling Stone na 2020, Kid A yana lamba 20, OK Computer yana 42. Kada wannan ya yanke maka hukunci. Masu jerin ba da kunnenka suka saurara ba.

To, yaya za ka zaɓa? Shawarar da za ka tarar ko'ina ita ce ka fara da OK Computer domin Kid A yana da wuya. Ina ganin wannan shawarar an yanka ta ne daidai kunnen Bature da ya tashi da jita, wanda a 2000 ya ji an ƙwace masa abin da ya saba. Mu ba haka muka tashi ba. Waƙoƙin situdiyo da suka cika gidajen biki da wayoyinmu a kan fiyano da kwamfuta ake haɗa su, kuma murya da aka bi da ita ta na'ura ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kiɗa ya tsaya a kan zagaye ɗaya yana maimaitawa, mawaƙi yana hawa yana sauka a kansa, wannan ma mun san shi tun daga kalangu da gurmi. Don haka bes ɗin "The National Anthem" ko bugun "Idioteque" ba za su firgita Bahaushe ba. Wataƙila ma ihun jitar "Paranoid Android" ne zai fi yi masa baƙunta.

Wuyar Kid A a wurinmu wani wuri take. Mu magana muke bi a waƙa. Muna so mu ji abin da mawaƙi ya ce, wa ya yaba, wa ya yi wa habaici, ina amshi mu karɓa. Kid A ya hana ka wannan da gangan. Yorke ya riƙa yayyanka layukan da ya rubuta yana zubawa a hula yana zarowa, kuma ba su buga kalmomin a takardar faifan ba, don ba sa so a raba su da kiɗan. Muryar ta zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa. OK Computer kuwa yana gaya maka abin da ke damunsa, da hotuna da za ka iya riƙewa: mota, jirgi, ɗan siyasa, ma'aikacin da ya gaji. OK Computer yana ba ka labarin tsoro, Kid A yana saka ka a cikin ɗakin da tsoron yake. Saboda haka in kana jin Turanci kuma kalma ce ke jan ka, OK Computer zai biya ka tun daga daren farko. In Turancin waƙa yana wuce ka, abin mamaki, Kid A ne ba za ka yi asarar komai a cikinsa ba, domin ko Baturen ma ba kalmomin yake kamawa ba.

Sai maganar da abin da za ka saurara, wadda mutane ke rainawa. A sifikar waya, OK Computer yana rayuwa. "Karma Police" da "No Surprises" karinsu yana fitowa ko a ina, a mota, a shago, cikin hayaniya. Kid A a sifikar waya gawa ne. Rabin abin da ke cikinsa yana ƙasa ne, a sautuka masu kauri da ƙaramar sifika ba ta iya fitarwa, sauran rabin kuma yana cikin yadda sauti ke yawo daga kunne zuwa kunne. In ba ka da iyafis mai kyau, ka jinkirta shi. Haka kuma lokaci. OK Computer kana iya tsintar waƙa uku ka zuba cikin jerin waƙoƙinka, kowacce ta tsaya da ƙafarta. Kid A in ka yayyanka shi ka kashe shi, "Treefingers" ita kaɗai ba komai ba ce, amma bayan "How to Disappear Completely" ruwan sanyi ce. Yana buƙatar minti 50 a jere, ba tsallake, ba sanarwar saƙo.

Akwai kuma halin da kake ciki, kuma wannan da gaske nake faɗa. Duka biyun ba faya-fayan nishaɗi ba ne. Amma baƙin cikin OK Computer yana da mafita, ana yin kururuwa, jita ta fashe, ka fito da sauƙi a ƙirji. Na Kid A shiru ne da janyewa daga mutane. In kana cikin kwanakin da kai ma ka janye, yana iya zame maka aboki da ya san halin, yana kuma iya ƙara nutsar da kai. Ka san kanka kafin ka shiga.

In har yanzu kana wasi-wasi, ga gwajin da bai kai minti 20 ba. Ka saurari "Let Down", ka bi ta da "Everything in Its Right Place". Sannan "Karma Police", ka bi ta da "Idioteque". Kada ka tambayi kanka wacce ta fi kyau. Ka lura da wacce hannunka ya koma ya sake kunnawa. Kuma ko wanne ka zaɓa, ka nemi asalin faifan tukuna. Akwai OKNOTOK na 2017, wanda ya ƙara wa OK Computer waƙoƙi, ciki har da uku da ba a taɓa saki ba, akwai kuma Kid A Mnesia na 2021, wanda ya haɗa Kid A da Amnesiac, ɗan'uwansa na 2001 da aka ɗauka a zama ɗaya. Duka suna da daraja, amma yawansu zai ɓatar da sabon shiga. Ka tsaya a waƙa 12 ko 10 ɗin nan yadda aka jera su.

Ni dai in aka ce ɗaya zan riƙe, Kid A zan riƙe. OK Computer na san shi ciki da bai, na san inda kowace jita za ta shigo, ina ƙaunarsa kamar tsohon gida. Kid A kuwa har yau in na sa shi sai na ji wani abu da ban taɓa lura da shi ba, wata murya a can ƙasa, wani sauti da ya gifta ta hagu. Amma ƙanina ban ce masa ya fara da shi ba. Waƙa mai kari ce ta jawo shi, a hanyar makaranta yake saurare, kuma yana son ya bi kalmomi yana duba ma'anarsu. Na ce masa OK Computer, daga "Airbag" har "The Tourist", kada ya tsallake ko "Fitter Happier". Bayan kwana huɗu ya rubuto: "Yaya, na kasa wuce ta biyar." Wato "Let Down". Na ce ya zauna a kanta iya son ransa, Kid A kuma ya bari sai daren da ba shi da lacca da safe, ya zo ya karɓi babban iyafis ɗina mai rufe kunne.